Gida mai araha kusa da kamfanin narka ƙarfe, in saya ko in haƙura?

Wani ɗan'uwa ne daga Kano ya yi tambaya, ga ta a taƙaice. Ya samu gida da araha, tsakanin gidan da wani kamfanin narka ƙarafunan jari-bola bai wuce tafiyar minti biyar a ƙasa ba, can gefe kuma akwai masu narka roba. Iyalinsa na da juna biyu, yana da yaro ɗan shekara uku mai yawan tari. Mutanen unguwar sun ce masa su shekara ashirin suna wajen ba abin da ya same su, wari ne kawai kuma ana sabawa. Yana so ya san ko hayaƙin nan da gaske yana cutarwa ko kuwa surutun 'yan boko ne.

Toh Malam, Allah ya sauki iyali lafiya, ya ba yaro lafiya. Ni aikina lafiyar muhalli ne, mu ne dai waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: in ni ne, ga mai ciki ga ƙaramin yaro mai tari, ba zan ba da kuɗin gidan nan ba sai na binciki wasu abubuwa da zan faɗa maka, kuma akwai yiwuwar bayan binciken in haƙura da shi gaba ɗaya. Arahar da ka gani ai ba banza ba, mai gidan ya san abin da ya sa ya karya kuɗin.

Maganar "ana sabawa" ita ce ta fi damuna a duk tambayarka, don ita nake ji kullum a bakin mutane. Gaskiya ne ana sabawa, amma hanci ne ke sabawa. Ka shiga unguwar majema yau, minti goma sai ka ji warin ya ragu, ba don iskar ta gyaru ba sai don hancinka ya gaji ya daina kai rahoto. Huhu da jini ba su da wannan dabarar, duk abin da ya shiga yana nan yana aikinsa. Sannan su maƙwabtan da suka ce shekara ashirin ba abin da ya same su, ka lura da masu rai da lafiya kake magana. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara hamsin da biyar, da matar da ta haifi bakwaini, da yaron da nimoniya ta tafi da shi tun yana goye, babu wanda zai ce hayaƙi ne, za a ce hawan jini ne, za a ce sanyi ne ya kama shi, kuma ba ƙarya aka yi ba, illa dai ba a tambayi me ya tura hawan jinin da sanyin ba.

Abin da ke fita daga bututun kamfani ba abu ɗaya bane. Baƙin hayaƙin da kake gani da ido, da ƙurar da ke sauka a kan taga, waɗannan manya ne, gashin hanci da majina suna tace da yawa daga ciki, ka yi kaki ka tofar. Wanda mu ke tsoro shi ne wanda ido ba ya gani, ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, wato faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, alhali silin gashin kai ɗaya yana kai wajen 70. Waɗannan ba sa tsayawa a hanci ko maƙogwaro, suna wucewa har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanana daga cikinsu ma su tsallaka cikin jinin. Jiki yana ɗaukarsu a matsayin baƙi masu kawo hari sai ya tada kumburi, kumburin nan ba na kwana ɗaya ba, kullum ne, shekara da shekaru, hanyoyin jini su riƙa ƙanƙancewa suna tauri, jini ya fi saurin daskarewa. Shiyasa abin da mutane ba su sani ba shi ne yawancin waɗanda gurɓatacciyar iska ke kashewa ba tari ne ke kashe su ba, ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 4.2 ne suka mutu a 2019 sanadiyyar gurɓatar iskar waje, kuma kaso mafi girma a cikinsu na zuciya ne da shanyewar jiki, sai ciwon huhu mai daɗewa, da nimoniya, da kansar huhu. Tun 2013 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka gurɓatacciyar iskar waje a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta rage ma'aunin PM2.5 da take ganin ya dace, daga maikirogiram 10 a kowace mita kubik ta iska (wato iskar da ke cike akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe) a matsakaicin shekara zuwa 5, saboda an gano ko a ƙaramin adadi ma illar ba ta ɓacewa.

Za ka iya cewa toh ya aka yi aka san kamfani ne, ba motoci ko sanyi ko talauci ba? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai wani abu da ya faru a Amurka da nake son ba da labarinsa don ya fi duk lissafi shiga kai. A kwarin Utah a da akwai wani babban kamfanin ƙarfe da ake kira Geneva, shi ne babban mai fitar da ƙura a yankin. Rikicin ma'aikata ya sa aka rufe shi daga Agustan 1986 zuwa Satumban 1987, sannan aka sake buɗewa. Wani malamin jami'a mai suna Arden Pope ya je ya duba rajistar asibitocin yankin, kafin rufewa, lokacin rufewa, da bayan buɗewa. Mutanen nan dai su ne, garin shi ne, sanyin shi ne, ga shi yawancin mutanen yankin ba sa shan taba saboda addininsu, abu ɗaya ne ya canza. Ya tarar yaran da ake kwantarwa saboda ciwon numfashi a lokacin sanyin da kamfanin ke aiki sun ninka na lokacin da yake rufe sau biyu zuwa uku. Aka kashe wuta yara suka samu sauƙi, aka kunna suka koma asibiti. Kuma fa wannan kamfani ne a ƙasar da ake bin doka ana zuwa ana auna hayaƙi.

Yanzu mu zo kan naka. Tambayar farko da nake yi in an ce mini kamfani na hayaƙi ita ce me ake ƙonawa, don hayaƙin gidan burodi daban, na siminti daban, na narka jari-bola daban, kuma a cikin ukun nan naka ne ya fi muni. Ƙarfen jari-bola ba tsabtataccen ƙarfe bane, tsohuwar mota ce da fentinta da baƙin manta, kwanon rufi, gwangwanin maganin ƙwari, wayar wuta da robarta, wani lokaci har da tsohon batir ya shige ciki. In aka zuba wannan a tukunyar narkawa, abin da ke tashi ya haɗa da dalma da kadmiyom da sauran ƙarafa masu guba, sun zama tururi, su huce a iska su zama ƙura mai laushi su sauka a unguwa. Robar kuma, musamman irin ta fayif da ta jikin wayar wuta, in ta ƙone a wutar da ba ta kai zafin da ake buƙata ba tana fitar da wata guba da ake kira dayoksin, wadda ba ta ruɓewa da wuri, tana maƙalewa a ƙasa, kaji su yi kiwo su tsattsaga, ta taru a kitse da ƙwai da nono, ta dawo cikin kwanon abinci.

Dalma kuwa mu a arewa ba sai an ba mu labari ba. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, garuruwa irin su Dareta da Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma. Ba wani bututu ba wani kamfani, duwatsun zinare ne masu dalma ake kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin maganin ma ya yi amfani. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ba ina cewa abin da ke unguwar da kake son shiga ya kai wannan ba, na Zamfara ya yi tsanani ƙwarai. Abin da nake so ka ɗauka shi ne hanyar da gubar ke bi, daga iska zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa hannun yaro, daga hannu zuwa baki. Kuma dalma ba ta da adadin da likitoci suka ce wannan ba komai. Ƙaramin adadi ba ya sa suma ko farfaɗiya, yaro na nan yana wasa lafiya lau, sai dai ƙwaƙwalwar da ke tsiro ta samu tawaya, sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ga mai ciki kuma dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Shi kansa PM2.5 an danganta shi da haihuwar jariri mara nauyi da haihuwa kafin lokaci. Lokacin wasannin Olamfik na 2008 da gwamnatin Sin ta rufe masana'antu ta rage motoci a Beijin na 'yan makonni, an samu jariran da watansu na takwas a ciki ya faɗo a wannan tsakanin sun ɗan fi na shekarar da ta gabata da wadda ta biyo baya nauyi.

Yara sun fi mu shan wahala saboda suna numfashi da sauri, iskar da suke shaƙa in aka kwatanta da girman jikinsu ta fi tamu yawa, huhunsu bai gama ginuwa ba, ga su kusa da ƙasa inda ƙura ke kwanciya.

Wani abu kuma, kar ka yanke hukunci da abin da ka gani da rana tsaka. Da rana ƙasa na da zafi, iska na tashi sama tana ɗauke hayaƙin. Da dare, musamman da hunturu, ƙasa na hucewa, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta ta rufe kamar an kifa faifai a kan ƙwarya, duk abin da bututu ya fitar sai ya rasa hanyar fita ya bi layi-layi yana shiga ɗakuna. Ka taɓa lura da yadda hayaƙin girkin magariba ke shimfiɗewa a saman gari lokacin sanyi ba ya tashi? Shi ne wannan. Abin da ya faru a Landan ke nan daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952, hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu da tashoshin wuta ya maƙale a kan birnin kwana biyar, a lissafin farko aka ce mutum 4,000 sun mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma shi ya haifar da dokar tsabtace iska ta Ingila a 1956. Mu kuma namu hunturun yana zuwa da nasa kayan, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi, sai hayaƙin kamfani ya hau kan wannan. Ƙari a kan haka, a aikinmu mun sha ganin masana'antar da ke da na'urar tace hayaƙi, an kafa ta don masu zuwa dubawa, da dare a kashe ta saboda tana cin wuta da gas, a narka mafi ƙazantar kaya lokacin da kowa ya yi barci.

Saboda haka ga binciken da zan yi in ni ne. Zan je unguwar bayan isha'i, in sake komawa da asuba, ba sau ɗaya ba. Zan duba ta wane ɓangare gidan yake, don a ƙasarmu iska hanya biyu gare ta, da hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma. In gidan yana kudu maso yammacin kamfanin, kai ne za ka sha hayaƙin a lokacin da ya fi muni, ba ruwan sama da zai wanke iska ga sanyin dare na danne shi. Zan shafa yatsa a kan taga da saman katanga, in duba ganyen bishiyoyin layin da kwanon rufin maƙwabta. Zan ajiye farin faranti da aka shafa wa basilin a tsakar gidan kwana biyu in ga me zai kama. Kuma ba mazan majalisa zan tambaya ba, su da safe suke fita sai dare, a sa iyali ta tambayi matan layin yadda shanyarsu ke kasancewa da yadda yaransu ke kwana, sannan ka tsaya wajen mai kemis na unguwar ka ji wane magani ya fi tafiya. In ya ce maka inhela da maganin tari, ka samu amsarka. Akwai 'yan ƙananan na'urorin auna PM2.5 da ake sayarwa yanzu, suna taimakawa, amma ba sa gaya maka ko akwai dalma a cikin ƙurar, wannan sai an ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji.

Ta fuskar muhalli ma abin bai tsaya kan mutum ba. Inda ake ƙona baƙin mai ko kwal, iskar sulfa da ke fita tana haɗuwa da laima ta zama ruwa mai tsami, ya ci kwanon rufi, ya ƙona ganye, ya canza ƙasar noma. Ƙura in ta kwanta a kan ganye tana toshe ƙofofin da shuka ke numfashi da su, amfanin gona ya ragu, manoman da ke kusa da kamfanonin siminti sun san wannan. Masu lambu a gefen masana'anta kuma latas da alayyahunsu na ɗaukar abin da ya sauka, mu saya a kasuwa. Dogon bututu da wasu ke taƙama da shi ba ya kashe guba, tura ta yake gaba. Turawa sun gwada, hayaƙin Ingila da Jamus ya riƙa sauka a tafkunan Suwidin da Nowe yana kashe kifi, har sai da ƙasashen suka zauna suka sa hannu a yarjejeniya a 1979. Na kusa da mu kuma Fatakwal ce, daga ƙarshen 2016 mutane suka riƙa tashi su ga baƙar kunkunniya a kan mota, a tafin ƙafar yara, a cikin hanci, galibi daga haramtattun matatun ɗanyen mai na cikin daji da kuma ƙona man da aka kama.

Sai maganar madara, don na san wani zai ce maka a riƙa ba yaro madara ko manja yana wanke ƙirji. Leburori da yawa sun yarda da wannan, har wasu wuraren aiki na raba gwangwanin madara. Madara abinci ce mai kyau amma ciki take tafiya, ƙura kuma huhu ta tafi, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Abin da ke da ƙanshin gaskiya a ciki shi ne yaron da ke samun isasshen abinci mai gina jini da ƙashi, hanjinsa ba ya zuƙar dalma kamar na yaro mai yunwa, amma wannan ragi ne ba kariya ba. Takunkumin yadi da na asibiti mai ruwan bula su ma ba sa tare PM2.5 sosai, sai irin N95 in ya zauna daram a fuska, toh wa zai sa wa ɗan shekara uku takunkumi ya kwana da shi?

Ni ba na cikin masu cewa a rufe masana'antu, Kano da ta rasa kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa da yawa ta san me rashin aiki ke nufi, kuma sake narka tsohon ƙarfe abu ne mai amfani. Abin haushin shi ne maganin matsalar sananne ne, ba sabon ilimi ba. Matatar ƙura irin ta buhuna in ana kula da ita tana kama sama da kashi 99 cikin ɗari na ƙurar, a ware batir da roba kafin a zuba a wuta, a sa rumfar zuƙe hayaƙi a kan tukunya. Kuɗi ne kawai ba a son kashewa, sai maƙwabta su biya a asibiti. Wani lokacin kuma, a faɗi gaskiya, kamfanin ne ya riga zuwa, aka yanka filaye aka sayar har jikin katangarsa, wannan laifin masu tsara gari ne. Doka dai akwai ta, tun 1992 ake da dokar da ta wajabta auna tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, an kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da ana bin dokokin muhalli, a 2007, kowace jiha kuma na da ma'aikatar muhalli. Wanda ya riga ya zauna a irin wannan unguwa, kar ya je shi kaɗai ya yi faɗa da maigadi a bakin get. Ku haɗu da mai unguwa da limami, ku rubuta takarda da sa hannun jama'a, ku haɗa da bidiyon hayaƙin dare mai kwanan wata, ku kai, a buga muku hatimi a kwafinku ku riƙe. Kafin nan a rufe tagogin ɓangaren kamfanin da dare, a daina sharar tsintsiya a busasshiyar ƙasa sai an yayyafa ruwa, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe randa da abinci, a daina shanya kayan miya da hatsi a fili, a wanke wa yara hannu kafin su ci komai.

Shi kuma yaronka, ko ka sayi gidan ko ba ka saya ba, tarin nan na son a duba shi tun yanzu, don in asma ce gara a sani kafin a kai shi inda za ta tashi. Ka duba gidan da kuke ciki ma, girkin itace ko gawayi a rufaffen wuri, janareta a bakin taga, maganin sauro na kunnawa a ɗakin da yake kwana, duk suna cikin lissafi. In ka ga yana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko kana jin ƙirjinsa na fito, ko ya kasa shan ruwa, wannan ba na kemis bane, asibiti za a tafi a daren. In kuma kun taɓa zama kusa da masu fasa batir ko masu narka dalma, ka gaya wa likita da bakinka ka nemi a auna dalma a jininsa, don ba gwajin da ake yi haka kawai bane sai an tambaya.